Kurfai: dattijo da baburansa, wanne za a riƙe, wanne za a sallama?

A ƙasar Kurfai babur ya daɗe da gadar aikin doki. To amma mahayan farko sun manyanta, kasuwa ta sake, doka ma ta sake. Ga abubuwan da ya kamata dattijo ya auna kafin ya aika a kira dillali.

Duk wanda ya san Filinge ya san cewa nisa shi ne babban abokin zaman mutanen Kurfai. Daga Yamai zuwa Filinge wajen kilomita 180 ne bisa kwalta, ta Balleyara. Amma da zarar mutum ya sauka daga kwaltar ya nufi Shikal, ko Luma, ko wani ƙauye na cikin Dallol Boso, to ba sauran komi gabansa sai rairayi da fako da ƙaya. Motar haya ba kullum take shiga ba, galibi sai ranar kasuwa. Saboda haka malamin lakwal, da malamin asibiti, da ma'aikacin gidan gona, da ɗan kasuwa mai bin ƙauyuka, dukkansu da babur suka ci ƙuruciyarsu.

Yau waɗannan mutane sun zama dattawa. Da yawa sun aje aiki suna karɓar fansho, wasu sun bar wa ƴaƴansu rumfar kasuwa. A gidajensu ba abin mamaki ba ne a tarar da babur biyu ko uku: wani yana jingine cikin zaure an lulluɓe shi da buhu, wani yana wurin makanike tun bara, wani kuma yana hannun yaro yana kabu-kabu. Kowane ɗaya yana cin kuɗi ko da bai motsa ba. Ran da aljihu ya yi nauyin ɗauka, ko gwiwa ta fara ƙorafi, sai tambaya ta taso: wanne za a riƙe, wanne za a sayar, wanne za a bayar a yi ciko a karɓi sabo?

Mai ganin abin daga nesa zai ce maganar ƙarfe ce kawai. Alhali kuwa a cikinta akwai lafiyar mutum, da ɗan abin da ya tara, da mutuncinsa gaban hukuma.

Babura na zamani uku

A ɗauki misalin tsohon ma'aikaci mai babur uku, domin sau da yawa kowane ɗaya daga cikinsu zamaninsa daban ne.

Na farko shi ne na zamanin albashi. Bayan mobilet ta Motobécane da Peugeot P50, waɗanda ake zuba wa melanji, wato esansi gauraye da man inji, sai baburan Japan suka shigo: Yamaha Mate, da Yamaha 100, da Suzuki, da Honda CG 125. Wannan na ƙarshe, wanda ya fito a 1975, kamfanin Honda ya ƙera shi ne musamman domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau, gyara kuma ba ya samuwa kan lokaci. Ƙaramin ma'aikaci yakan yi shekaru yana tanadi kafin ya mallaki ɗaya, kuma ran da ya shigo gari da shi, unguwa duka takan zo barka.

Na biyu shi ne na zamanin furoje. Bayan farin 1973 da na 1984, ayyukan raya karkara sun yawaita a ƙasa, kuma ma'aikatansu da dogayen baburan daji suke yawo, irin su Yamaha DT 125. Idan furoje ya ƙare akan yi gwanjon kayansa, ta haka ne da yawa daga cikin waɗannan babura suka shiga gidajen ma'aikata. Babu mai musun ƙarfinsu: inda wani babur ya kafe a rairayi, DT wucewa yake yi.

Tsakanin zamani na biyu da na uku akwai ranar da ma'aikata da ƴan kasuwa ba su manta ba, wato 12 ga Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma sefa 100. Kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, ga kuma albashi da ake bin gwamnati bashinsa wata da watanni a cikin waɗancan shekaru. Sabon babur na Japan ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Kowa ya rungumi tsohonsa, makanikai kuma suka ƙware wajen tsawaita ran inji da kayan gyaran da ke ƙetarowa daga Najeriya. Ƙaunar da dattawa ke yi wa tsofaffin baburansu a nan ta samo asali: sun ga ranarsu lokacin da babu wani.

Na uku shi ne na bayan shekarar 2000, lokacin da baburan Sin, irin su Kasea da Haojue, da na Indiya, irin su Bajaj Boxer, suka cika kasuwa da farashin da manomi ma zai iya kaiwa in damina ta yi kyau. Abin lura shi ne da yawa daga cikin injinan Sin masu lamba 125 kwaikwayon injin CG ne. Wato dattijon da ke raina babur na yau, sau da yawa jikan nasa baburin yake rainawa.

Jiki magayi

Kafin a duba inji, mai inji ya kamata a fara dubawa. Matashi yana zaɓen babur da ido, dattijo kuwa da gwiwa da ƙugu ya kamata ya zaɓa.

Awo na farko mai sauƙi ne, ba ya bukatar makanike. Mutum ya kwantar da baburinsa a kan rairayi, sa'an nan ya gwada tayar da shi shi kaɗai. Babur mai lamba 125 nauyinsa yana kai kilo 100, wani ya haura. A cikin gari, in ya faɗi, yara za su sheƙo su taimaka. Amma a tsakanin ƙauye da ƙauye, da tsakar rana a watan Afrilu, ba kowa sai gawo da goriba. Baburin da mai shi ba ya iya tayarwa shi kaɗai ya riga ya fi ƙarfinsa, ko da injinsa sabo ne.

Awo na biyu shi ne tsawo. Idan mutum yana zaune kan sirdi, tafin ƙafafunsa biyu su taka ƙasa sosai, ba ɗage ba. A nan ne DT ke faɗuwa jarrabawa. Tsawon da ya sa ya gagari rairayi shi ne ke sa sai mutum ya ɗaga ƙafa sama kafin ya hau, kamar mai hawan raƙumi. Ga mai babbar riga da ciwon ƙugu, wannan hawa da sauka sau goma a yini azaba ce. Babura masu buɗaɗɗen gaba, irin Mate da danginta, waɗanda samari ke yi wa ba'a suna cewa na mata ne, su ne suka fi jin ƙan tsoho: ƙafa ta gaba take shiga, babu damƙar kulaci, nauyi kuma kaɗan ne. Ba banza ba Honda Super Cub, kakan wannan samfuri, wanda ya fito a 1958, ya kai guda miliyan 100 da aka ƙera a shekarar 2017.

Awo na uku shi ne tayar da inji. Bugun ƙafa da sanyin safiya, musamman in inji ya yi gardama ya mayar da bugu, ya sha raunata idon sawu. Babur mai tashi da maɓalli ya rage wannan wahala. Sai dai zafin Kurfai ba ya barin batir ya yi tsawon rai, don haka wanda ya haɗa biyun, maɓalli da ƙafa, shi ne abin nema.

Sai kuma ido. Yanar ido sannu take shigowa, mai ita ba ya lura sai ran da ya kasa bambanta jaki da inuwa a lokacin magariba, ko cikin hazon hunturu. Dattijon da ke shirin kashe jikkuna ɗaruruwa kan sabon babur, ya fara kashe kaɗan wurin likitan ido. Ya kuma sa hular kwano cikin lissafi. Rahoton hukumar lafiya ta duniya, OMS, na shekarar 2023 ya nuna mutum miliyan 1,19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Ƙashin saurayi in ya karye, maɗori ya ɗora, bayan ƴan makonni ya miƙe. Na dattijo kuwa, musamman na kwankwaso, yana iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Idan kuma aiki ya fi ƙarfin asibitin Filinge, to sai an sha waccan kilomita 180 da karaya a jiki.

Abin da hanya da makanike ke faɗa

Bayan jiki sai hanya. Ƙasar Kurfai iri biyu ce ga mahayi: akwai rairayin dallol mai kama taya, akwai kuma tudu mai marmara da tsakuwa, mai girgiza ƙashi da kwance ƙusa. Da damina ƙoramu kan yanke hanya, da rani ƙayar aduwa ta addabi taya. Dattijo ya tambayi kansa da gaskiya: ina da ina nake zuwa yanzu? Wanda a da yake zagaya makarantu har Abala da Sanam, wataƙila yau iyakarsa gida, masallaci, kasuwa, da gona a bayan gari. Riƙe baburin daji domin tafiyar da aka daina yi, ciyar da doki ne bayan an bar yaƙi.

Wanda har yanzu yake shiga ƙauye, akwai ƙananan abubuwa da suka fi launin fenti muhimmanci. Ƙafa mai wayoyi, in ta bugi dutse ta lanƙwashe, makaniken ƙauye yana miƙe ta. Ƙafa ta zubi kuwa in ta tsage sai sabuwa. Sarƙa mai rufi ta fi ta fili daɗewa, domin rairayi in ya haɗu da mai yakan zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye sarƙar da haƙoranta. Matatar iska kuma ita ce ran inji a ƙasar ƙura: in tana da sauƙin cirewa da wankewa, inji ya tsira.

Sa'an nan a je wurin makanike, a yi masa tambaya guda: wane babur ne kayan gyaransa suke nan cikin gari yau, ba sai an aika Yamai ba? Amsarsa ta fi ta dillali amfani, domin shi ba ya da la'ada a ciki. Abin da ya faru a shekarun nan ya ƙara wa tambayar nauyi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Kwatano da ta Najeriya, har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage shi, kayan teku kuma suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan hali, fistan ɗin babur da kowa ke hawa ba ya ɓacewa daga kasuwa, amma na tsohon samfurin da aka daina shigowa da shi yana iya tsayar da mutum wata uku. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma sai in akwai ta a cikin tulu.

Wannan ba ya nufin duk sabo nagari ne. Araha ba ta ado. A cikin baburan Sin akwai mai ƙwari, akwai wanda tun shekarar farko robobinsa ke farfashewa, wayoyin wuta su saki. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a duba abin da ƴan kabu-kabu ke hawa. Su ne ke ɗora wa babur mutum biyu da buhun hatsi tun safe har dare, kuma ba su sake sayen samfurin da ya taɓa cin amanarsu.

Darasin shekarar 2020

Akwai kuma abin da mahayan farko ba su taɓa sa wa cikin lissafi ba, wato ranar da za a ce babur ya tsaya cak.

A jihar Difa aka fara ganin haka, a 2015, saboda hare-haren Boko Haram. A cikin Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihohin Tillaberi da Tawa, har da Abala, maƙwabciyar Filinge ta arewa. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari barikin Inates, sojoji 71 suka rasu. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kai na Shinagodar, inda aka rasa 89. Da yake maharan bisa babura suke zuwa, hukumomin jihar Tillaberi sun hana zirga-zirgar babur dare da rana daga farkon Janairu 2020, kuma a cikin wannan shekara dokar ta-ɓaci ta iso gundumar Filinge. An ɗage hanin a farkon Satumba 2021, mutane suka yi murna, amma a cikin Oktoba na shekarar aka maido da shi a sassa da dama na jihar.

Kowa ya san dalilin dokar, kowa kuma ya san abin da ta jawo wa talaka. Malami ya koma keke, mai haƙuri aka ɗora shi a amalanke, ɗan kabu-kabu ya rasa abin kai wa gida. Babura kuwa suka shiga ɗaka. To ƙarfe ba ya son zama: esansin da ya kwana watanni yakan daskare ya toshe karbureta, batir ya mutu, tanki ya yi tsatsa, taya ta tsattsage. Mai babur ɗaya ya yi asara ɗaya, mai uku ya yi uku. Wanda ya so sayarwa kuma, a garin da ba mai hawa wa zai saya? Sai an loda a mota an kai inda doka ba ta shafa ba, a can kuwa mai saye ya san a matse kake.

Darasin a fili yake. Da yawa sun ɗauki babur a matsayin ajiya, abin da za a sayar ran da larura ta taso. Amma ajiyar da takarda guda daga ofishin gwamna ke iya daskarar da ita ba ajiya ba ce. Saboda haka duk mai niyyar saye, kafin ya je wurin dillali, ya fara zuwa ma'aikatar magajin gari ko wurin jandarma ya ji abin da doka ta ce a wurin da yake zaune da wuraren da yake son zuwa: wane lokaci, wace hanya, wane irin babur. Bayan doka kuma akwai hankali. A daji mai ƴan bindiga, sabon babur mai ƙarfi kiran ɓarawo ne, kuma mai ƙwace ba ya duba furfura.

Ƙarfe ba ya haihuwa

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa dukiya iri biyu ce, mai ƙaruwa da mai raguwa. Mutumin Kurfai ba ya bukatar a yi masa dogon bayani, tun da ga gidan kiwon Tukunus a arewa da Filinge, inda aka daɗe ana renon shanun azawak, ga kuma kasuwar dabbobi ta Balleyara kowace Lahadi. Karsana tana cin ciyawa ta haihu, babur yana shan mai ya tsufa. Tun ranar da ya fita daga shago darajarsa ke sauka. Kiwo ma yana da nasa haɗari, fari da cuta da ɓarayin shanu, amma aƙalla akwai begen ƙari. Babur na biyu da na uku da ke jingine a zaure, kuɗi ne da aka ɗaure ana kallonsu suna narkewa.

Sai lissafin mai. Tsofaffin Yamaha da Suzuki da DT injinsu mai bugu biyu ne: yana ƙona man inji tare da esansi, yana hayaƙi, kuma ya fi sha. Na yanzu galibi masu bugu huɗu ne, mansu daban yake, sai dai a riƙa juye shi kan lokaci. A yi misali da mai tafiyar kilomita 30 a yini, wato 900 a wata. Idan tsohon baburinsa ya ɗara sabo da lita ɗaya kacal a kowace kilomita 100, lita 9 ke nan a wata. Da farashin da gwamnati ta tsayar a Yuli 2024, sefa 499 lita maimakon 540, ya kusa jika huɗu da rabi kowane wata, ban da man gauraye. A shekara ya haura jika hamsin. Ga mai fansho wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ma farashin gidan mai ne, na kwalba a ƙauye nasa daban. Ko da yake ƙasa tana tace manta a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, shekaru da yawa esansin Najeriya mai rahusa ne ke cike giɓi. Da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, wannan rahusa ta tafi, kuma a cikin Maris 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran garuruwa. Ran da mai ya yi wuya, babur mai ƙaramin ciki shi ne sarki.

Game da wanda aka ba yaro yana kabu-kabu, a zauna a yi lissafi da alƙalami. A tara abin da yaron ke kawowa a wata, a cire taya da sarƙa da juyen mai da faci da tarar hanya. Sau da yawa abin da ya rage bai kai yawan fargabar da mai babur ke kwana da ita ba. Idan yaron mai amana ne, mafita mai kyau ita ce a yanke masa farashi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har babur ya zama nasa. Dattijo ya sami kuɗinsa, yaro ya sami sana'a, babur kuma ya sami mai kula da shi, domin ba a tattalin abin aro kamar na kai.

Ciniki da takarda

Idan an yanke shawarar rabuwa da babur, hanya biyu ce: sayarwa kai tsaye, ko musaya da ciko. Musaya ta fi sauƙi, mutum ya shigo da tsoho ya fita da sabo a yini ɗaya. Amma sauƙin nan da kuɗi ake sayensa, domin mai shago yana cin riba sau biyu, ya karya tsohon, ya tsaya kan farashin sabon. Mai haƙuri ya raba cinikin biyu: ya fara sanin kuɗin sabon kamar ba shi da abin musaya, ya kuma sa dillalai biyu ko uku su taya tsohon. Lokaci ma yana da tasiri. Bayan girbi, sa'ad da manoma suka sayar da wake kuma ƴan ci-rani ba su watse ba, masu saye sun fi yawa. Da bazara kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowa mai sayarwa ne.

Mai sayen na hannu kada ya yi cinikin biri a sama. Ya zo da makanikensa, a tayar da inji da sanyinsa, ba wanda aka riga aka ɗumama ba, a duba hayaƙi, a saurari ƙara. A kuma gwada lambar da ke jikin ƙarfe da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi.

Maganar takarda ita ce mafi girma a wannan zamani. A da, musafaha da shaidu biyu sun isa ciniki. Yau babur da ba ya da takardar duwan, da takardar mallaka, da lamba, yana iya kwana a hannun jami'an tsaro a shingen farko. Mafi muni shi ne babur da aka sayar amma takarda tana nan da sunan mai shi na farko. Babur yana canza hannu sau biyar a shekara, kuma ba wanda ya san inda zai ƙare. In aka tsince shi a wurin da aka yi ɓarna, sunan da ke takarda za a fara nema. Dattijon da ya yi shekara talatin yana aiki ba a taɓa kiransa gaban hukuma ba, bai kamata ya fara amsa tambayoyi a kan ƙarfen da ya rabu da shi tuntuni ba. A rubuta takardar ciniki mai kwanan wata da lambar inji da sunan mai saye da lambar katinsa, a kai hukuma ta buga hatimi, kowa ya riƙe tasa. Wanda ya ƙi a rubuta sunansa, kada a sayar masa ko da ya ninka kuɗin.

To, wanne za a riƙe?

Idan aka haɗa waɗannan ma'aunai, hukuncin bai da wuyar fitowa. Dogon baburin furoje shi ne na farkon tafiya, tun yana da sauran daraja wurin matasa masu shiga daji. Na kabu-kabu a mallaka wa mai hawansa. A tsaya kan guda ɗaya: mara nauyi, gajere, mai ƙaramin ciki, wanda kayansa ke cikin gari, takardunsa kuma cikakku. Idan tsohon na zamanin albashi ya cika waɗannan sharuɗɗa, babu dalilin rabuwa da shi, sanin halin inji ma wata riba ce. Idan bai cika ba, kuɗin biyun da aka sayar sun isa su kawo wanda ya cika, wataƙila har a sami ragowar tunkiya ko biyu.

Abin da ke da wuya ba lissafin ba ne, zuciya ce. Baburin da ya kai mutum wurin aikinsa na farko, ya kai maiɗakinsa asibiti daren haihuwa, ba a yi masa kallon ƙarfe. Wanda ya ga ba zai iya rabuwa da shi ba, kuma yana da hali, ya aje shi, amma ya san abin tunawa ya aje, ba abin hawa ba: a tsiyaye man tanki, a cire batir, a ɗaga tayoyi daga ƙasa. Sabo kuwa, an ce turken wawa ne, bai kamata ya zama dalilin hawa abin da jiki ya daina ɗauka ba.

Akwai kuma ranar da ke jiran kowane mahayi, ranar da ko ƙaramin babur ya yi nauyi. Alamunta ba su ɓuya: faɗuwa biyu a wata ɗaya ba tare da dalili ba, jin ƙahon mota sai ta iso, hannu yana sanyi a kan birki. A Kurfai ta da, tsohon mahayi in ya gaji yakan miƙa linzami ga ɗansa, ba wanda ya ce girmansa ya ragu. Haka nan dattijon da ya miƙa makulli ga jikansa ya koma mazaunin baya, da hularsa ta kwano, yana nuna hanya, bai rasa komi ba. Ya isa masallaci, ya isa kasuwa, ya komo gida da ƙafafunsa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Allah ya kiyaye hanya, ya maido da kwanciyar hankali a Kurfai da ƙasa baki ɗaya.